Ra'ayi Ba Shi da Tsada, Amma Wa Yake Biya?

A dā, in wani abu ya auku a nesa, labarinsa yakan zo ta bakin fatake ko ta rediyo, mutane su zauna a gindin bishiya su tattauna, kowa ya faɗi nasa, magana ta ƙare a nan. Yanzu kuwa gindin bishiyar ya koma cikin wayar hannu, mazauna wurin sun kai miliyoyi, wanda ake zancensa kuma yana iya karanta kowace kalma da idonsa. Kafin alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe, kafin minista ya sauka daga kan mumbari, an riga an yanke hukunci an watsa. Wannan ya kawo wata tsohuwar tambaya cikin sabuwar riga: tun da kowa yana da ikon faɗin ra'ayinsa, akwai wani haƙƙi da yake kansa game da mutumin da yake zance a kai?

Abin da ya faru a gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka yi a ƙasar Kodebuwa a farkon shekarar 2024 ya isa misali. Ran 22 ga Janairu, Ikwatoriyal Gini ta ci masu masaukin baƙi 4 da babu a birnin Abijan. Nan da nan aka cika duniya da cewa ƴan wasan nan ba su da zuciya, sun ci amanar ƙasarsu, gara a watsa su. Bayan kwana biyu aka sallami mai koyar da su, Jean-Louis Gasset, aka ba mataimakinsa Emerse Faé riƙo. Da ƙyar suka tsallake zagayen farko, don sai da Maroko ta ci Zambiya sa'an nan suka sami gurbi. Daga nan suka fid da Senegal, suka fid da Mali, suka fid da Kongo, ran 11 ga Fabrairu kuma suka ci Nijeriya 2 da 1 suka ɗauki kofin. Wanda ya jefa ƙwallon nasara, Sébastien Haller, mutum ne da aka gano yana da ciwon daji a shekarar 2022, ya yi jinya ya dawo fili. Cikin kwana ashirin, waɗanda aka kira maciya amana sun zama jarumai, a bakunan da suka zage su.

A daren nan kuma zagin ya sauya gida. Magoya bayan Nijeriya da yawa suka zaɓi mutum guda, Alex Iwobi, suka ɗora masa laifin faɗuwar ƙungiya duka. Aka bi shi da ashar da baƙar magana har ya share kusan dukan hotunansa a Instagram. Sai da Ahmed Musa, kyaftin ɗin tawagar, ya fito a fili ya roƙi mutane su daina.

Abin lura a nan ba wai mutane sun yi kuskure ba ne, gama duk mai rai yana kuskure. Abin lura shi ne yadda aka raba nauyin kuskuren. Wanda ya rubuta zagi ya kashe daƙiƙa goma, ya ajiye waya, ya ci tuwonsa, ya kwanta. Wanda aka zaga shi ya kwana da dubban irin wannan a zuciyarsa, mahaifiyarsa ma ta karanta. Da kofin ya zo hannun Kodebuwa, mutum nawa ne cikin masu zagin ran 22 ga Janairu suka koma suka ce sun zalunci yaran nan? Ciniki ne wanda mutum ɗaya yake ɗaukar kaya, wani dabam yake biya. Kowace kasuwa kuwa aka ga irin wannan ciniki, sunansa zalunci.

Kada a ce waya ce ta kawo wannan hali. A gasar cin kofin duniya ta 1994, ɗan wasan Kolombiya Andrés Escobar ya jefa ƙwallo a ragar ƙasarsa bisa kuskure a wasansu da Amurka. Ran 2 ga Yuli na wannan shekara aka harbe shi a birnin Medellín, yana da shekara 27, bayan wasu sun tsare shi da gori a kan ƙwallon. A lokacin babu Facebook, babu WhatsApp. Zuciyar da take neman wanda za ta ɗora wa baƙin cikinta tsohuwa ce. Abin da na'ura ta ƙara shi ne gudu da yawa.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A shekarar 2018 wasu masana uku na jami'ar MIT a Amurka suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Science. Sun bi sawun labarai kimanin 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Suka tarar labarin gaskiya yakan ɗauki lokaci kusan ninki shida na labarin ƙarya kafin ya kai ga mutum 1,500, suka kuma tarar mutane ne, ba na'urori masu aika saƙo da kansu ba, suka fi ba ƙarya wannan gudu. Dalili a fili yake: abin da ya ba da mamaki ko ya ta da hankali shi hannu yake saurin turawa. Kamfanonin kuwa da talla suke cin abinci, tallar kuma tana bin inda idanu suka taru. Saboda haka mai zafin baki yakan sami ƴan kallo, mai cewa a dakata a bincika yakan yi magana shi kaɗai.

Inda abin ya bar filin wasa, kuɗin da ake biya rai ne. Ran 1 ga Yuli 2018, a ƙauyen Rainpada cikin jihar Maharashtra ta Indiya, taron jama'a suka kashe mutum biyar baƙi, bayan jita-jitar masu satar yara ta yi ta yawo a WhatsApp. Ba su saci ɗan kowa ba. A cikin watan nan kamfanin ya rage yawan wuraren da za a iya tura saƙo ɗaya a lokaci guda zuwa biyar a Indiya, a Janairu 2019 kuma ya sa dokar ta game duniya. Kowane mutum da ya tura saƙon nan zai iya cewa shi bai jefi kowa da dutse ba, ya dai faɗakar da ƴan'uwa ne. Duk da haka, da ba a tura ba, da taron bai taru ba.

To, sai a yi shiru ke nan? Masu wannan tambaya suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Shirun talaka riba ce ga mai iko. Ran 25 ga Mayu 2020, da George Floyd ya mutu a hannun ƴan sanda a Minneapolis, sanarwar farko da hukumarsu ta fitar ta nuna kamar rashin lafiya ce ta kama shi. Wata yarinya mai shekara 17 da ta ɗauki abin da wayarta ta sa hoton a Facebook, duniya ta gani, a shekarar 2021 kuma kotu ta sami ɗan sandan da laifin kisa. Da ta ce bari ta jira manya su yi magana, da wataƙila sanarwar farko ce za ta zama tarihi. Haka kuma toshe bakin jama'a ba magani ba ne. Gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, bayan kamfanin ya share wani saƙo na Shugaba Buhari. Rufewar ta hana mai gaskiya magana tare da maƙaryaci, ba ta kuwa koya wa kowa adalci ba.

Amma a dubi abin da yarinyar nan ta yi da kyau. Ba ra'ayi ta watsa ba, shaida ta bayar. Tana wurin, ta gani da idonta, ta nuna abin da ta gani, daga baya kuma ta tsaya a gaban kotu ta amsa tambayoyi. Ta ɗauki nauyin maganarta. A nan bambancin yake. Shaida tana bukatar sauri, domin in an yi jinkiri ana iya binne ta. Hukunci yana bukatar jinkiri, domin in an yi sauri ana iya binne marar laifi. Cutar zamanin nan ita ce mutane suna yanke hukunci da saurin da ya dace da shaida, alhali ba su ga kome ba sai abin da wani ya turo musu.

Saboda haka haƙƙin da yake kan mai ra'ayi shi ne ya karɓi wani kashi na kuɗin da maganarsa za ta ci, kada ya bar wa wanda ake zancensa shi kaɗai. Yana biya da lokaci, in ya jira ƙura ta lafa, ya nemi inda labarin ya fito kafin ya tura. Yana biya da sunansa, in ya faɗi abin da zai iya maimaitawa a gaban mutumin, ido da ido. Yana biya da kamewa, in ya tsaya a kan aikin bai taɓa mutuncin mai aikin ba. A ce ɗan wasa bai taka abin kirki ba yau, wannan sharhi ne, kuma aikinsa ya gāji haka. A ce shi ɗan banza ne, a zagi iyayensa, wannan ya bar zancen ƙwallo. A ce minista ya yi alkawarin hanya bai gina ba, a kawo ranar da ya yi alkawarin, wannan aikin ɗan ƙasa ne na gari, mai mulki kuwa ya fi kowa cancantar a bi shi da irin wannan tambaya. A ƙaga masa laifin da ba a tabbatar ba don ana ƙin jam'iyyarsa, wannan ƙazafi ne ko da a kan azzalumi aka yi shi. Biya na ƙarshe, wanda ya fi duka wuya, shi ne komawa: in gaskiya ta fito ta saɓa wa abin da mutum ya faɗa, ya gyara a wurin da ya yi ɓarna, da murya daidai da wadda ya yi ta da ita.

Wani zai ce wannan ya yi wa hirar ƙwallo nauyi, ai raha ce kawai. Gaskiya ne gardamar ƴan kallo tana cikin daɗin wasa, ba mai son a kashe ta. Amma raha takan ƙare a inda ɗaya yake dariya ɗaya yana share hawaye. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. A dā bunun da aka zara a jinkar gida ɗaya yake barin rami. Yau wanda ya zara ba ya ma ganin ɗakin da ruwa zai zuba a ciki, shi ya sa ya wajaba ya tuna cewa akwai mai kwana a ɗakin kafin ya miƙa hannu.