Wariyar Launin Fata: Ta Turawa Ce Kaɗai, Ko Tana Nan Cikin Ɗakunanmu?

 

'Yar'uwa, da zarar an ambaci wariyar launin fata, hankalinki Amurka yake tafiya ko Afirka ta Kudu, kuma ba ki yi laifi ba. Sai a 1994 aka kawo ƙarshen mulkin wariya a Afirka ta Kudu. A 2017 duniya ta ga hoton bidiyo na 'yan ci-rani baƙaƙen fata ana cinikinsu a Libiya kamar awaki. A watan Mayun 2020 wani ɗan sanda farar fata ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9 a birnin Minneapolis har rai ya yi halinsa. Mu kanmu Hausawa mun ɗanɗana. A 2022 an kashe ɗaruruwan mutane a jihar Blue Nile ta Sudan, a rikicin da ya tashi bayan Hausawan can sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka ce musu baƙi ne, ba su da ƙasa. Alhali kakannin wasunsu tun bayan yaƙin Burmi na 1903 suke zaune a can. Wadda kuma ta taɓa sauke farali ta san irin muryar da wasu ke furta kalmar "Takari" da ita. Saboda haka mai tambayar ko wariya na nan har yau, amsarsa a fili take.

Amma ba don mu zagi Bature ko Balarabe na ɗauki alƙalami ba. Wannan mai sauƙi ne, ba ya cin kowa komai. Abin da nake so mu duba shi ne wanda ke cikin ɗakinki da nawa, wanda ba ma kiransa da wannan suna don mun saba da shi.

Je ki gidan barka a nan Beli ko Rogo ko Ƙaraye ki kasa kunne. Kafin a tambayi lafiyar mai jego, wata ta riga ta leƙa kunnen jaririya tana duba ko za ta rine. In an ga alamar haske sai guɗa, "kai, wannan sai mai mota!" In kuwa baƙa ce sai a yi shiru, can wata ta ce "to, Allah Ya raya, kamar ubanta ta ɗauko." Yarinyar nan za ta tashi tana jin ana kiran yayarta Balarabiya, ita kuwa ana ce mata bayan tukunya, wai wasa ake yi. Ga kirarin da muke yi wa farar mace, wai alkyabbar mata. To baƙar fa, tsumma ce? A aji ina ganin irin waɗannan yara. Za ki ga yarinya mai ƙoƙari, haddarta ba gargada, amma ranar saukar karatu in za a ɗauki hoto sai ta lallaɓa ta koma layin baya. Ba Bature ba ne ya koya mata haka.

Har akwai gidan da baƙin yaro ke jawo wa uwarsa zargi. Wannan ma ba sabo ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo wa Annabi (SAW) yana ƙorafin matarsa ta haifi yaro baƙi, yana shaguɓen ba nasa ba ne. Annabi (SAW) bai yi masa faɗa ba, sai ya tambaye shi launin raƙumansa. Ya ce jajaye ne. Aka tambaye shi ko akwai mai toka-toka a cikinsu, ya ce akwai. To daga ina ya samo? Mutumin da bakinsa ya ce watakila gado ne daga wani kakan raƙumin. Nan aka nuna masa ɗansa ma haka ne, kuma ba a ba shi damar kore yaron ba. Suratur Rum, aya ta 22, ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, a jere da halittar sammai da ƙasa. Wadda ta kushe launin jaririya, ta tsaya ta tambayi kanta aikin wa take kushewa.

Daga wannan raini ne kasuwar bilicin ta samu gindin zama. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da kayan ƙara hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa. Yawancin mayukan nan ɗayan abu uku suke ɗauke da shi, ko duka. Akwai zaiba, mai lalata ƙoda, wadda kuma kan isa ga ɗan tayi a ciki da jariri ta ruwan nono. Akwai sinadarin sitiroyid da ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, in aka yi wa mace tiyatar haihuwa ɗinkin ya yi ta wahalar kamewa. Akwai kuma haidirokwinon, wanda in aka daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo a kumatu da ba ya fita, ga gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin suna tona asiri. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yanzu har yara ake shafa wa, uwa da hannunta, don kada dangin miji su fifita 'ya'yan kishiya. Musulunci ya hana ki cutar da kanki, balle yaron da aka ba ki amana. Kuma ni ban ɗora laifin duka a kan mai shafawa ba. Uwar mijin da ta ce ɗanta sai fara, da mijin da ke yi wa matarsa gori da launi, suna da kamasho a cikin zunubin.

Launi dai ido na ganinsa. Akwai wadda ta fi shi zurfi a wurinmu, wato maganar asali. Yaro ya fito neman 'yarki, ga salla, ga sana'a, ga ladabi, ita ma tana so. Sai a tura bincike, a dawo a ce ai kakan kakansa bawa ne, ko gidan wanzamai ne, ko mahauta, ko maƙera. Shi ke nan magana ta mutu, kuma ba za a faɗa masa dalili ba, sai dai a ce an riga an yi mata miji. An haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya tun 1936, amma tana nan da ranta a bakin tsofaffi, mu kuma muna karɓa muna miƙa wa na baya.

Mu da ke wannan yanki ya kamata mu fi kowa sanin raunin wannan magana. Baba ta Karo, wadda ta rasu a 1951, 'yar nan ƙasar ce, ta tashi a wajen Zarewa. Wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Ta ba da labarin rinjin gidansu da bayin da ke noma a ciki. Ta kuma ba da labarin yadda mahara suka kama wasu matan gidan nasu, 'ya'ya ba bayi ba, Musulmi, aka tafi da su, sai da dangi suka tara dukiya suka fanso su. To ki yi tunani, 'yar'uwa. Wadda danginta suka samu abin fansa ta dawo gida, jikokinta yau su ne masu asali. Wadda aka kama rana ɗaya da ita, nata dangin ba su da wuri ko ɗaya, jikokinta ne ake hana wa aure. Bambancin da ke tsakaninsu buhun wuri ne kawai. Tun a 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya amsa wa mutanen Tuwat da suka tambaye shi game da bayi baƙaƙe. Ya nuna musu baƙar fata ba ta halatta bautar da mutum, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Malamin ya kare kakanninmu daga rainin wasu, mu kuma muka juyo da rainin kan junanmu.

Wanda ya fara tinƙaho da asali dai kin san shi. Iblis ne, da ya ƙi yi wa Annabi Adamu (AS) sujada don shi daga wuta aka yi shi, Adamu kuwa daga yumɓu. Abu Zarr (RA), duk da girmansa cikin sahabbai, da ya gori wani mutum da uwarsa, Annabi (SAW) ya gaya masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Masu sharhi da yawa sun ce Bilal (RA) ne aka gora. Ki lura da uwa aka yi gorin, irin dai wanda muke yi in faɗa ya haɗa mu da kishiya ko maƙwabciya. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta bayyana cewa an yi mu dangi-dangi da ƙabilu ne don mu san juna, fifiko kuwa a wurin Allah na mai taƙawa ne.

Kuma ba a baki aka tsaya ba, an yi a aikace, a wurin da ya fi mana wuya, wato aure. Fadimatu bintu Ƙais Baƙuraishiya ce. Mu'awiya da Abu Jahm suka nemi aurenta, Annabi (SAW) ya ba ta shawarar Usama bn Zaid, baƙin mutum, ɗan Ummu Aimana 'yar Habasha, wanda uwarsa da ubansa duk 'yantattun bayi ne. Da farko ba ta so ba, daga baya ta aure shi, ta kuma shaida ta ga alheri. Abu Huzaifa ya aurar da 'yar ɗan'uwansa ga Salim, bawan da aka 'yanta. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Banu Bayada su ba Abu Hind aure, su ma su nemi aure a gidansa. Sana'ar Abu Hind kuwa ƙaho ce, wato da a Rogo yake da wanzami za mu kira shi. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, abin da aka fi dubawa wajen dacewar miji da mata shi ne addini da kuɓuta daga aibin da ke hana zaman aure, ba dangi ko sana'a ba.

Na san wata za ta ce, to Malama, kada a yi bincike ke nan? A yi mana, wajibi ne ma. A binciki sallarsa, da abokansa, da ko yana shaye-shaye, da inda yake samun abin da zai ciyar, da yadda ya rabu da matarsa ta farko in ya taɓa aure. A je asibiti a yi gwajin jini saboda sikila, wadda ita ce gadon da ke wahalar da jikoki da gaske. Abin mamaki sai ki ga gidan da aka kwashe wata guda ana tonon kakan kakan yaro, an kasa ba da yini ɗaya don gwajin jini. Haka nan in namiji ya ce shi fara yake so, ko mace ta ce ita dogo take so, ba a ce sun yi saɓo ba, zuciya da abin da take so. Inda haramcin yake shi ne raina wanda bai da wannan siffa, da ganin kin fi shi daraja a halitta.

Sai maƙwabtanmu Maguzawa, da muke cin kasuwa ɗaya da su a ƙasar Rogo da Ƙaraye. Muna murna in ɗayansu ya karɓi kalmar shahada, a yi kabbara, a haɗa masa tufafi. Bayan shekara goma yana salla a sahu ɗaya da mazajenmu, in ya nemi aure sai a tuna masa shi tubabbe ne. Matarsu in ta shigo Islamiyya sai a bar mata gefen tabarma, a riƙa kwaikwayon yadda take magana. Wasu a kan haka suke ja da baya, 'yan'uwansu da ke kallo kuma su ce ga abin da muke gudu. Sahabban nan da muke sa wa 'ya'yanmu sunayensu, Umar da Khalid da Sumayya, ba a cikin Musulunci aka haife su ba. In irin wannan baiwar Allah na ajinku ko unguwarku, ranar suna ko walima ta gaba ki aika mata da goron gayyata da sunanta, in ta zo kuma ki sa hannu a kwano ɗaya da ita.