Yaron Da Ba Ya Iya Kai Ƙara

Mai karatu, a ce da magariba ka tarar da yaro ɗan shekara 15 a rakuɓe a ƙofar zaurenka, ƙafafunsa duk ƙaya. Ya ce daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi ya fito, bai kuwa bi ta Jibiya inda ma'aikata suke ba, ta daji ya ratso da dare. An ga irin wannan daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta. Me za ka yi da shi?

Batun tuwo ba wuya. Ban san Bahaushen da zai tambayi mayunwaci takarda kafin ya miƙa masa akushi ba. Wuyar sai da safe. Yaron ya ce yana neman aiki, ga gero kuwa ya nuna a gonarka, ba masu yanka. Ka san ladan yini na ɗan gari. Ka kuma sani wannan ko rabi ka ba shi zai durƙusa ya yi godiya, in ma ka hana shi duka ba inda zai kai ƙara, gama wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya ya fi tsoron ɗan sanda da yunwa. Ba mai gani sai Ubangiji.

Wani zai ce, ai ya karya doka. Gaskiya ne. Ba na rena doka, ban kuwa ce ka yi ƙarya dominsa in hukuma ta tambaye ka ba, ko da yake iyakar nan Turawan Ingila da na Faransa suka ja ta, suka raba Katsinawan Maraɗi da na Katsina. Amma laifin yaron tsakaninsa da hukuma ne. Wa ya naɗa ka alƙali, har ka ci shi tara ka zuba a aljihunka?

Ya kamata mu tuna, mu ma an yi mana. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Yarbawa da Hausawan zango suka sayar da kayansu da arha ƙwarai, domin ba lokacin ciniki. Waɗanda suka saya ba su karya wata doka ba, duk da haka ba na so a ce ubana yana cikinsu. A 1983 kuma Nijeriya ta kori mutanen Gana wajen miliyan guda, wannan karo mu ne masu saye.

To, in yaron ya gama yankan gero, ka ƙirga masa kuɗinsa cif kamar na ɗan maƙwabcinka, a gaban mai unguwa in da hali. Kafin ya ɗaure kuɗin a bakin wando, ka tambaye shi ko uwarsa ta san inda yake.