AWO BA YA KORAR ALBARKA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɗauki nauyin ciyar da bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan mako za mu ɗan jingine karatun da muka saba, domin mu amsa wata takarda da ta iso mana daga Aujara, cikin ƙasar Jahun ta masarautar Dutse. Mai takardar malamin makarantar firamare ne, ya kuwa roƙe mu kada mu ambaci sunansa. Ya ce su takwas ne a gida: shi, da matarsa, da 'ya'ya biyar, da mahaifiyarsa. Kowane wata albashinsa yakan ƙare tun kafin ashirin ga wata, sauran kwanakin kuwa sai ya jingina da mai tiredar unguwarsu, wanda ya buɗe masa shafi a littafin bashi. Da abin ya ishe shi, sai ya sayi ɗan littafi ya fara rubuta abin da aka kashe a cefane, ya kuma ce a riƙa auna hatsin da za a kai niƙa. Nan fa magana ta tashi. Mahaifiyarsa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin gidan da ake ƙidayar abinci ya yi albarka ba. Wani abokinsa kuma ya ce masa wannan raunin tawakkali ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Shi ne yake tambaya: shin ya yi laifi a wurin Allah?

To, ɗan'uwa, ba ka yi laifi ba. Hasali ma ka dace da sunna, ko da kuwa ba ka sani ba.

Imamul Buhari ya ruwaito hadisi daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, Allah ya yarda da shi, wanda a cikinsa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mutane su riƙa auna abincinsu, ya kuma yi musu alkawarin albarka a kan haka. Ka ga ke nan abin da ake tsoron zai kori albarka, shi ne Annabi ya ce zai jawo ta. Ibnu Baɗɗal, malamin Andalus ɗan mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya yi wa Buhari sharhi, ya rasu a shekara ta 449 bayan Hijira, ya fassara wannan da cewa mustahabbi ne mutum ya auna abin da yake fitar wa iyalinsa, domin awo sananne shi ne zai kai shi har lokacin da ya ƙiyasta. Watau dai abin da ma'aikacin gwamnati yake kira kasafi a yau, malamanmu sun riga sun tattauna shi tun kusan shekara dubu da suka wuce.

Amma kada mu yi gaggawar tuhumar tsohuwa, maganarta tana da tushe. A cikin Buhari ɗin dai, Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin wani ɗan sha'ir da ya rage mata a ɗaki bayan wafatin Annabi. Ta daɗe tana ci daga cikinsa bai ƙare ba, ranar da ta auna shi kuwa sai ya ƙare. Ina zaton irin wannan labari ne ya bi bakin malamai ya shiga gidajenmu, har iyayenmu mata suka riƙe shi. Malaman hadisi ba su bar hadisan nan biyu suna karo da juna ba. Ibnu Hajar ya bayyana cewa awon da ya rage wa Nana A'isha abincinta awo ne na gwaji, na son a ga ko saura nawa a cikin abin da Allah yake sa wa albarka. Awon da aka yi umurni da shi kuwa na bin umurni ne da tsari. Saboda haka wanda ya auna abin da zai shiga tukunya yau, ya yi bisimilla, ya rufe buhunsa, ya bi sunna. Wanda kuma yake komawa kowane dare yana zazzage buhu yana ƙirgawa, zuciyarsa na ɗar-ɗar, yana zargin matarsa da sata, wannan shi ne ya kamata tsohuwa ta yi wa faɗa.

Ku duba ma harshenmu. Bahaushe in zai sayo hatsin gida sai ya ce zai yi awo. Mudun nan da muke aunawa da shi, sunansa daga Larabci ya zo. Zakkar fid da kai mudu huɗu ne na Annabi a kan kowane mutum, kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce da awo sananne. Da awo yana kore albarka, da shari'a ba ta gina waɗannan ibadoji a kansa ba.

Sa'an nan batun wata. Shehu Halilu, a babin ciyarwa na littafinsa Muhtasar, wanda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, ya bayyana cewa ana yanka wa miji lokacin ciyarwa gwargwadon yadda samunsa yake zuwa: wani kullum, wani mako mako, wani wata wata, wani shekara shekara. Ɗan ga-ruwa da mai faskare nasu na yini ne. Mai cin kasuwar mako, irin su Shuwarin da Gujungu, nasa na mako ne. Malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma nasu na wata ne. Manomi kuwa nasa na shekara ne, daga kaka zuwa kaka. Laifin da yawancinmu muke yi shi ne mai samun wata ya riƙa kashewa kamar mai samun yini. Ranar da albashi ya shiga sai a ga nama da shinkafa da lemo, kwana goma ana shagali, kwana goma ana lallaɓawa, kwana goma ana ɓuya wa mai tireda. Allah ya siffanta bayinsa na ƙwarai a Suratul Furƙan, aya ta 67, da cewa ciyarwarsu tana tsakanin ɓarna da ƙwauro. Wanda ya yi ɓarna a farkon wata ya yi ƙwauro a ƙarshensa bai tsaya a tsakiya ba, ya dai ɗanɗana laifuffukan biyu ne a wata guda.

Bari mu yi lissafi da gidan mai tambaya. A ce gidan mutum takwas yana cin tiya ɗaya da rabi ta gero ko dawa kowace rana, tsakanin tuwo da koko. A kwana 30 tiya 45 ke nan. Buhu kuwa kimanin tiya 40 yake ɗauka. Ashe buhu guda zai ƙare a rana ta 27. Mutumin da ya san haka tun ɗaya ga wata yana da dabaru da yawa: ya ƙara tiya biyar tun kuɗi na hannunsa, ko a sa rogo ko dankali ko wake su tsaya a madadin tuwo wasu ranaku. Wanda bai sani ba sai ranar da uwargida ta kakkaɓe buhu, hanya ɗaya ta rage masa, ita ce ta tireda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma za a yi wa mai, da gishiri, da daddawa, da itace ko gawayi, da kuɗin niƙa, wanda mutane da yawa sukan manta da shi a lissafi alhali kullum sai an biya.

Mun san zamani ya yi tsanani. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, kayan masarufi suka bi shi. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabata. A shekarar ne aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, Jihar Jigawa ma ta amince da shi. In ka raba wannan kuɗi gida 30, abin da zai faɗo wa kowace rana bai kai Naira 2,400 ba, kuma a ciki ne za a ci, a sha magani, a sayi sabulu. Ba mu ce awo zai mai da kaɗan ya zama mai yawa ba. Akwai gidajen da ko an auna da ma'aunin zinariya abin ba zai kai ba, waɗannan kuwa hakkinsu yana wuyan masu zakka da masu mulki. Amma wanda nasa zai iya kaiwa in an tsara, ba shi da hujja ya jingina sakacinsa ga ƙaddara.

Shi kuwa abokin da ya kawo zancen tawakkali, sai mu tambaye shi: wa ya fi Annabi tawakkali? Ga shi kuwa Sayyidina Umaru ya ba da labari, yana cikin Buhari, cewa Manzon Allah yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda daga amfanin gonakin dabinon Banu Nadir. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya fassara mafarkin sarkin Masar, shawarar da ya bayar ita ce a bar hatsi cikin zangarniyarsa, a ci kaɗan a ajiye saura domin shekarun fari. Duk manomin ƙasar Jahun da ya taɓa jera dammunan gero a rumbu ya san hikimar wannan, gama geron da ba a sussuka ba ya fi jimre wa ƙwari. Abin takaici, yau sai ka ga mutum ya kwashe geronsa da kaka, lokacin da ya fi araha, ya sayar domin biki, sa'an nan cikin marka ya dawo yana awon tiya tiya da tsada. In da riɗi ko zoɓo ko gyaɗa, su ne na kasuwa, abin da za a ci a bar shi a rumbu. Wannan ajiya ta iyali ba ita ce ɓoyon abinci da shari'a ta hana ba. Wanda aka hana shi ne na mai saye ya kulle domin ya ƙuntata wa jama'a.

Bashi kuwa, Hausawa sun ce hanji ne, yana cikin kowa, kuma halal ne ga mabukaci. Duk da haka Annabi yakan yawaita neman tsari daga gare shi, da aka tambaye shi dalili sai ya nuna cewa bashi yakan kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari. Wanda ya taɓa sake hanya domin kada ya bi ta gaban tireda ya san gaskiyar wannan. In ya zama dole a ci, to a rubuta, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni, a kuma fara biyansa ranar da albashi ya shiga. Amma buhu guda da damina a biya biyu da kaka, wannan riba ce tsagwaronta, ko da wane suna aka kira ta.

Yanzu kuma sai mu juyo kan magidanta, domin na san wani zai yanke wannan shafi ya kai wa matarsa yana murna ya sami hujja. Tsaya tukuna. Shehu Halilun nan da muka ambata ya ce ana duba ƙarfin miji, da halin matar, da al'adar gari, da kuma farashi. A lura da wannan na ƙarshe. Mutumin da har yanzu yake ajiye kuɗin cefanen da yake bayarwa a 2022, ya sa kai ya fita, sa'an nan ya dawo da dare yana neman miya mai daɗi, ya zalunci baiwar Allah. Mata nawa ne suke cika tukunya da kuɗin ƙuli-ƙuli da na kitso da na saƙar hula, ba wanda ya ce musu sannu? Ba wajibinsu ba ne, alheri ne suke yi. Hindu matar Abu Sufyana ta kai ƙarar ƙwauron mijinta wurin Annabi, ya kuwa ba ta izinin ɗibar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa ga al'ada. Saboda haka awo na gaskiya da mai gida yake farawa. Shayi da ƙwai na safe a bakin titi, tsiren dare da ake ci a tsaye a goge baki kafin a shiga gida, goro, katin waya, duk a rubuta su a littafin nan, a shafi ɗaya da gishiri da daddawa. Kuma a zauna da uwargida a yi lissafin tare, gama ita ta san abin da tukunya take ci.

Abu guda da nake roƙon mai tambaya kada ya soke daga lissafinsa shi ne rabon baƙo da almajiri da maƙwabci. Watakila ma abin da mahaifiyarka take tsoro ke nan, kada littafi ya hana ta miƙa wa yaron da ya tsaya a ƙofa ɗan tuwo. Annabi ya hori Abu Zarri da ya ƙara wa romonsa ruwa domin maƙwabta su samu, ya kuma sanar da mu cewa abincin mutum biyu yakan ishi uku. To, ka ware tiya biyu ko uku tun farkon wata, ka zuba a ƙwarya dabam, ka damƙa wa tsohuwa, ka ce wannan nata ne, ta bayar yadda ta ga dama, ba mai tambayarta. Ka gaya mata hadisin Miƙdamu cikin ladabi, ba a gaban surukarta ba.

In kuma akwai abokan aikinka uku ko huɗu da suke cikin irin halinka, ku haɗa kuɗi ranar albashi, mutum guda ya je kasuwa ya sayo buhu da jarkar mai a farashin sari, ku raba da mudu guda a gaban kowa. Kuɗin mota ɗaya za ku biya maimakon huɗu. Annabi ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ari saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri guda su raba daidai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa tambayar da ta zo mana daga Kiyawa a kan zakkar riɗi.