Saƙon Malam a Cikin Aljihunka

Ya kai mai karatu, uban yara a ƙasar Dawakin Tofa, ga tambaya a gabanka. Kadan malamin makaranta ya aiko maka da saƙo ta waya a kan ɗanka, kai kuwa ka amsa ka ce, "Na ji, Malam," ko ka sauke nauyin da ke bisa wuyanka ke nan?

Ka tuna yadda al'amarin ya ke a dā. Malam ba shi da hanya zuwa wurin uba sai biyu: ko ya tako da ƙafarsa, ko ya ba yaro takarda. Takardar da aka sa a hannun mai laifi kuwa ba kasafai ta kan kai gida ba. In ma ta kai, sau da yawa uban bai iya boko ba, sai yaron ya karanta masa, ya tsallake abin da ya ga dama. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a shekara ta 2001, daga baya WhatsApp ya zo da saƙon murya. Yau ko wanda bai san baƙi ɗaya ba yana iya jin malam da kunnensa, cikin Hausa. Wannan alheri ne, kada ka raina shi.

Amma ji dabam, aikatawa dabam. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, aka riƙa ba da darasi ta rediyo a Jihar Kano. Murya ɗaya ce ta shiga gidaje, amma ba ta iya kamo yaro daga wasa ta zaunar da shi a tabarma ba. Wannan aikin na mutanen gida ne. Dokar ilimi ta 2004, wadda ta sa karatun shekara 9 ya zama kyauta kuma tilas, a kan uba da mai riƙon yaro ta ɗora alhakin kai shi makaranta. Waya ba ta ɗauke maka ko kaɗan daga cikinsa ba.

Ga kuma wani tarko da ba a cika faɗinsa ba. Ƙarya ta fi sauƙi a waya, gama ido ba ya ganin ido. Damina ta sauka, gero yana bukatar noma, ba ka da kuɗin 'yan ƙwadago. Malam ya tambaya don me yaron bai zo ba kwana uku, sai ka ce zazzaɓi ne, alhali kuwa yana gona da fartanya. Bukatarka gaskiya ce, ba wanda ya san karkara da zai yi maka dariya. To, faɗe ta yadda ta ke, ku shirya da malam yadda yaron zai rama abin da ya wuce shi. Ka sani fa yaron yana tsaye kusa da kai sa'an da ka ke ɗaukar muryarka. Darasin da ya koya a wannan minti ya fi na allo shiga zuciyarsa.

Har wa yau, ina wayar ta ke yini? Tana aljihunka a kasuwar Dawanau, tsakanin buhunan riɗi da masara. Wadda ta san ko yarinya ta tafi aji ko an ɗora mata farantin talla tana cikin gida, saƙon kuwa bai iske ta ba. In ka komo da maraice, kunna mata shi ta ji, ka bar ta ta amsa da bakinta. Maƙwabcinka kuma wanda ba shi da babbar waya, ko ba shi da kuɗin data, kai masa labari a ƙofar gidansa, domin kada 'ya'yan matalauci su ƙara zama a baya saboda abin da aka kawo don taimako.

In kai malami ne, ba ka kuɓuta ba. Kada iyaye su ji muryarka sai ran neman kuɗi. Kada kuma ka ambaci sunan yaron da ya faɗi jarrabawa a cikin zauren da dukan iyayen aji su ke saurare. Uban da aka kunyata gaban tsaransa ya kan huce a kan ɗansa da bulala, ko ya cire shi daga makaranta ɗungum. Yabo a bainar jama'a, tsautawa kuwa tsakaninka da uban kaɗai.

Kai uba, ko sau ɗaya a zango ka je da ƙafarka, ba tare da an kira ka ba. Ka duba ko rufin ajin yana yoyo, ka ƙirga yaran da ke zaune a ƙasa, ka buɗe littafin ɗanka ka ga ran da aka yi masa maki na ƙarshe. Abin da ka gani, ka kai shi gaban kwamitin kula da makaranta a zamansu mai zuwa.