Laftanan ko Lutanan?

Tsofaffin sojan da suka komo ƙasar Ƙaraye da Rogo daga yaƙin Bama, wanda aka gama a 1945, sun zo da baƙin kalmomi a bakinsu. Ɗaya daga ciki ita ce laftanan, watau ƙaramin hafsa. Haka suka ji Turawan Ingila suna faɗi, haka 'ya'yansu suka gada. Ko Sharwood-Smith, Mai Wandon Ƙarfe, Laftanan Gwamna aka ce da shi a Kaduna daga 1952 har 1954.

Yau kuwa sai yaro ya kalli majigin Amurka, ya ji an ce lutanan, ya tarad da dattijo a zaure yana ba da labarin soja, ya fashe da dariya, wai tsoho ya ɓata Turanci. Dattijo ya yi shiru, labari ya mutu. Shin yaron nan gyara ya yi, ko ɓarna?

Kalmar dai ba ta Ingila ba ce, ba kuma ta Amurka ba. Ta Faransa ce, ma'anarta mai riƙon wurin wani, kamar yadda wakili yake riƙe gari in hakimi ya tafi Kano. Mutanen Ingila sun are ta tun ƙarni na 14. Abin mamaki, a rubuce babu harafin f cikinta, amma su sai su sa shi in za su faɗa, mutanen Amurka su ƙi sawa. Bafaranshe kuwa, mai abin, nasa ya fi kusa da liyotna, da ɗan hanci a ƙarshe. Ashe yaro da tsoho duk bakin wani suka ara, wanin nan ma aro ya yi.

An ce zanen aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne ga zane, domin mai shi zai zo ya karɓi abinsa. Amma kalma aro ce da ba a mayarwa. Balarabe ya ce alkitabu, Bahaushe ya ce littafi, ba a kuwa taɓa aiko manzo daga Makka ya karɓe ta ba. Turawa ma da suka ɗauki sunayen ƙasar nan, Sakkwato suka mai da ita Sokoto, ƙ ɗin Ƙaraye kuma ya gagare su, suka sa k kurum. Ba a yi musu dariya ba, sai ma aka bi su.

Akwai fa inda gyara ya zama tilas. Malamin allo ba ya barin almajiri ya sa wani harafi a gurbin wani, domin Alƙur'ani amana ce da za a miƙa yadda aka karɓa. Haka nan inda ma'ana za ta juya, kamar mai cewa kafa yana nufin ƙafa. Laftanan ba ya cikin waɗannan, gama kowa a zauren ya gane hafsa ake nufi.

Wanda dariyar nan ta fi cuta shi ne mutumin da ya koyi karatu da girmansa. Ya jure zaman ajin yaƙi da jahilci bayan an taso daga gona, har ya iya karanta wasiƙa. Ran nan sai ya ci karo da baƙuwar kalma gaban jama'a, ya faɗe ta yadda harshensa ya iya, aka ƙyalƙyace masa. Gobe in an kawo takarda, sai ya ce idonsa na ciwo, a kai wa yaron.