Kasuwar Bindiga Ta Watse: Mu Yi Murna Ne?



Wata Lahadi bayan an tashi daga Misa, wani dattijo da muke unguwa ɗaya da shi a Kambarawa ya tare ni a hanyar gida, ya ce yana da tambaya. Maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Daga wani ƙauye na kudancin jihar nan ya taso, ya dawo wurin ɗansa a birni sa'ad da kwana a ƙauyen ya gagara. Ya ce mini, "Malam, samarin garinmu sun aiko. Suna so in koma in ƙera musu bindigogi goma a ɓoye, su kare kansu. Rabona da ƙera bindiga ya fi shekara goma sha biyar. In na ƙi, aka shigo aka kashe su, jininsu yana wuyana? In kuwa na yi, aka kashe wani da abin da hannuna ya ƙera, alhakin na wane ne?" Na ce, "Baba, wannan ba tambayar tsaye ba ce." Muka zauna a dakalin ƙofar gidansu har rana ta karkata. Da izininsa nake kawo maganar a nan, gama na san ba shi kaɗai take damu ba.

Da farko ya ba ni labarin yadda sana'ar take a zamanin ƙuruciyarsa. A ranar kasuwa maƙera sukan baza hajarsu a rumfa: fartanya da garma da lauje da gatari, a gefe kuma bindigar toka ɗaya ko biyu da wani ya sa a gyara masa ko a ƙera masa. Maharba sukan zo su ɗaga, su duba kunama, su gwada nauyin, a yi ta gardama a kan wadda ta fi. Idan rani ya yi aka buga gangar farauta, kowa yakan fito da tasa, Sarkin Baka a gaba, yara da karnuka a baya. A nan birni kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa Ƙofar Soro ranar Hawan Sallah ya san ƙarar 'yan bindigar Sarki da hayaƙin albarushi da ke tashi kafin a hango laima. Bindiga a lokacin abar kallo ce, ana fito da ita a bainar jama'a, ana kuma sanin mai ita. Dattijon ya ce shi kansa yakan gane aikin hannunsa ko bayan shekara ashirin, in kuma aka yi ɓarna da wata, Sarkin Maƙera yakan duba ya faɗi maƙerar da ta fito, daga nan a bi sawu har ƙofar gidan mai laifi.

Wannan duka ya ja baya. Namun daji sun ƙare a wurare da yawa, dajin Rugu da maharba ke alfahari da shi ya zama mazaunin 'yan fashin daji, 'ya'yan maharba sun koma acaɓa da ci-rani, maƙeri kuma yana tsoron a kama shi da bututun ƙarfe a maƙerarsa. Har hawan Sallah ma Masarautar Katsina ta soke shi a 1440 Hijira, wato 2019, saboda kashe-kashen da ake yi a ƙauyuka, ko da yake daga baya an koma yinsa. Rumfar da ake baza bindiga ta zama kango.

Ba mu kaɗai muka ga irin wannan ba. A Amurka akwai bajekolin bindigogi, inda ake kama babban zaure a ƙarshen mako, dillalai su jera tebura, jama'a su biya kuɗin shiga su yi kallo su saya. A 2020, shekarar annobar korona da zanga-zanga da zaɓe mai zafi, hukumar FBI ta gudanar da binciken masu neman makami fiye da sau miliyan 39, abin da ba a taɓa yi ba a shekara guda. A shekarun da suka biyo baya adadin ya sauka, masu sana'ar suka shiga kukan raguwar ciniki, wasu masu shirya bajekolin kuma suna kukan ƙarancin jama'a. Su kansu sun san sirrin kasuwarsu: idan tsoro ya hau ciniki ya hau, idan hankali ya kwanta ciniki ya kwanta. Sai dai bindigogin da aka saya a shekarar tsoro suna nan a gidaje, wasu masu saye kuma sun koma neman hajar ta intanet, inda babu taro, babu idon maƙwabci.

To, idan kasuwar makami ta watse, ya kamata mai bin Kristi ya yi murna? Zuciya tana saurin cewa i. Annabi Ishaya ya hango ranar da al'ummai za su mai da kayan yaƙi kayan noma, mu kuwa muna begen wannan rana. Amma mu mutanen Katsina mun koyi cewa kasuwa tana watsewa ta hanya biyu. Akwai wadda ta watse domin kowa ya sami biyan bukata ya tafi gida, akwai kuma wadda ta watse domin an ji harbi. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni irin su Jibiya, Batsari, Charanchi, Kafur da Malumfashi, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Kara ta yi tsit a lokacin, amma babu wanda ya kira wannan shiru salama.

Haka rumfar maƙeri ta yi tsit. A daidai shekarun da bindigar toka ke ɓacewa daga idon jama'a, wata bindigar ta shigo ta bayan gida, musamman bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, sa'ad da makamai suka bazu cikin Sahara. Ita wannan ba ta da rumfa, ba ta da Sarkin Maƙera. Kuma akwai wani bambanci da dattijon ya nuna mini wanda ban taɓa lura da shi ba. Bindigar toka sau ɗaya take tashi. Kafin a sake ɗura albarushi, a danna, a zuba harsashi, fushi ya sami lokacin hucewa, wanda ake bi ya sami lokacin gudu, dattawa sun sami lokacin shiga tsakani. AK-47 kuwa tana ɗaukar harsashi 30 a gida ɗaya, tana zubar da su kafin mutum ya gama kiran sunan Allah. Da irinta aka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 aka kwashi yara fiye da 300. A Mayu 2021 aka shiga gidan fada na cocin St. Vincent Ferrer a Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka tafi da Fada Joe Keke. A Mayu 2022 aka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara a Gidan Maikambo. A Agusta 2025 aka buɗe wa maƙwabtanmu Musulmi wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau. Bajekolin bindiga da muka gani a 'yan shekarun nan shi ne na tarurrukan sulhu, kamar waɗanda aka yi a 2025 a yankunan Jibiya da Batsari da Ɗanmusa, inda mutanen daji suka zo da makamansu rataye a kafaɗa, jama'a suna kallo.

Saboda haka ban iya ce wa dattijon samarin garinsu sun yi laifi da suka ji tsoro ba. Ekklesiya ma ba ta ce haka ba. Katekisim na Ekklesiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya koyar a sakin layi na 2263 zuwa 2265 cewa kare rai halal ne, ya kuma zama babban nauyi a kan wanda aka danƙa wa rayukan wasu. Ya bi sawun Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya bayyana cewa mai kare kansa nufinsa tsira da ransa ne, mutuwar maharin kuwa ba ita ya nufa ba, muddin bai yi amfani da ƙarfin da ya wuce bukata ba. Uban da ya tsaya a ƙofar ɗakin 'ya'yansa da dare bai saɓa wa doka ta biyar ba. Duk mai wa'azin da yake kwana a gida mai katanga a birni, ya kamata ya auna kalmominsa kafin ya tsauta wa wannan uban. Ni ma a birni nake kwana, na kuwa auna nawa.

Amma tambayar da aka yi wa maƙerin ba ta tsayawa a ƙofar ɗaki ba ce. An ce masa ya ƙera goma, a ɓoye. A kan wannan kalma ta ɓoye muka fi daɗewa. Katekisim ɗin nan, a sakin layi na 2316, ya ce ƙera makamai da sayar da su abu ne da ya shafi lafiyar al'umma duka, don haka hukuma tana da haƙƙi da nauyin sa musu ido. Dokar makamai ta ƙasarmu ta 1959 ma ta raba bindigogi kashi uku, ta sa na yaƙi a ƙarƙashin izinin Shugaban Ƙasa, na amfanin kai a ƙarƙashin Sufeto Janar, na ɗurin baki a ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ta kuma haramta ƙira ba tare da izini ba. Wani zai ce hukumar da ta kasa kare mu ba ta da bakin hana mu, zai kuma tuna cewa Gwamna Masari da kansa ya shawarci jama'a a 2021 su nemi makami, gwamnatin Zamfara ma ta yi irin wannan kira a Yuni 2022. Maganar tana da nauyi. Duk da haka, bindigar da babu wanda ya san da ita sai mai riƙonta, babu wanda zai tambaye ta ina ta kwana. Yau tana hannun saurayi mai tsoron Allah. Gobe ya mutu, ko ya ci bashi ya jinginar da ita, ko rikicin gona ya tashi tsakaninsa da ɗan kawunsa. Ƙarfe yana daɗewa fiye da niyyar wanda ya saye shi.

Mun kuma ga abin da ya faru da 'yan sa-kai. Da yawansu da kyakkyawar niyya suka fara. Amma an sha kama mutum a kasuwa don kamanninsa ko harshensa, a yanke masa hukunci ba shaida ba alƙali, Fulani da yawa marasa laifi sun hallaka ta haka, danginsu kuma wasu suka shiga daji da ƙudurin ramuwa. Ku tuna da daren Getsamani. Bitrus ya zare takobi domin kare marar laifi, babu niyyar da ta fi tasa kyau a duniya. Amma saran bai sami Kayafa ba, bai sami waɗanda suka ƙulla makircin ba. Kunnen Malkus ya samu, bawan da aka aiko. Haka saran duhu yake yi. Ubangiji ya umarci Bitrus ya mai da takobin kube, sa'an nan ya miƙa hannu ya warkar da wanda aka sara.

Abin da na gaya wa dattijon ke nan, ra'ayina ne kuma, na ce ya kai shi gaban fadansa ya sake aunawa. Jinin samarin ba ya wuyansa don ya ƙi ƙira a ɓoye, gama alhakin kisa yana kan mai kisa. Amma ƙin kaɗai bai sauke masa nauyin zumunci ba. Idan garin zai tsaya ya kare kansa, to, ya tsaya da rana tsaka: da sanin Mai Unguwa da Dagaci da Hakimi, da sanin 'yan sanda, a rubuta sunan duk mai riƙe da makami, Kirista da Musulmi a sahu ɗaya, a kuma san wanda zai hukunta wanda ya wuce gona da iri. Tun Oktoba 2023 da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, akwai ƙofar da samari za su bi a san da su. Ba na cewa ƙofar ba ta da aibu. Abin da tsohuwar rumfar kasuwa take da shi, wanda muka rasa, shi ne idon jama'a, kuma shi nake so a mayar.

Dattijon ya aika wa samarin da wannan amsa ta bakin ƙanensa. Ba su ji daɗi ba. Biyu daga cikinsu sun je sun ga Dagaci, sauran an ce sun nemi wani maƙerin a wani gari, wanda bai yi musu tambaya ko ɗaya ba. Shi kuwa ya kafa uwar maƙera a wani lungu na gidan ɗansa, jikansa yana ja masa zugazugi bayan makaranta. Da damina ta ƙarato ya ƙera fartanya arba'in ya aika ƙauye. Makon jiya na tambaye shi ciniki. Ya ce an sayi tara, sauran suna jingine a zauren ƙanensa, domin gonakin da ke bayan rafi bana ma ba wanda ya yi shirin zuwa.