Motarka Ce, Amma Iskar Ta Jama'a Ce

'Yan'uwa Musulmi, akwai samari masu sha'awar ƙara wa injin mota ƙarfi, musamman injin da ke da turbo, wato na'urar da hayaƙin injin ke jujjuyawa don ta cusa masa ƙarin iska. Ba na ganin laifin wannan sha'awa. Sanin ƙarfe ilmi ne, kuma gara saurayi ya yini a gareji da ya yini a bakin titi.

Matsalar tana wurin araha. Kayan gyara na kirki suna da tsada, saboda haka wanda aljihunsa bai kai ba sai ya sa a yanke tukunyar salansa, a fitar da matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi. Har ribar ƙafa ake samu, domin cikinta akwai ƙarafa masu daraja irin su platinum, ana sayensu. To amma aikin matatar nan shi ne rage gubar hayaƙi, har da iskar nan marar wari mai kashe mutum a rufaffen ɗaki. Dalilin da ya sa ke nan aka fara sa ta a yawancin sababbin motocin Amurka a 1975.

Mai mota zai ce dukiyarsa ce. Gaskiya ne, sai dai malamanmu na Malikiyya sun daɗe da duba irin wannan da'awa. A cikin Mudawwana an hana mutum ƙirƙiro gidan wanka ko tanderu a filinsa idan hayaƙin zai cuci maƙwabta, alhali ba wanda ya yi masa jayayyar mallakar filin. Ibnur Rami, maginin nan na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukunce irin waɗannan. Game da ƙara kaɗai malamai sun yi saɓani, wasu sun sassauta. Amma fa sassaucin nan don mai sana'a ne, kamar maƙeri, wanda abincin iyalinsa ke cikin bugun gudumarsa. Wace lalura ce ta sa saurayi ya tada majinyaci da mai jego ƙarfe biyun dare?

Kuɗin da ya tsimi wasu ne suka biya: mai tallan ƙosai a bakin hanya ta biya da huhunta, maƙwabci ya biya da barcinsa, kuma babu wanda aka nemi yardarsa. In ya matsu da ƙarin ƙarfi, ya haƙura ya tara kuɗin salansa mai faɗi wadda ke da matatarta, ko da zai jira shekara guda.